Ƙafa Ce Gangar Farko

Zango guda cur bai bari mun taɓa ganga ba.
Mun zo da ɗoki, idonmu na kan bigila
tana ƙyalli a jikin ƙusa,
sai Malam Haliru ya ja ƙofar sito, ya danna kwaɗo,
ya jefa makulli a aljihun kakinsa.
Ya ce, "Ku fita fili, ku yi tafiya in ji."

In ji, ya ce. Ba in gani ba.

Shekara goma sha tara ya yi a badujalar 'yan sanda
kafin haƙoran gaba su zube, busa ta ƙi.
Ya dawo Katsina da akwatin ƙarfe
da sanda mai farin kai da ya lotsa gefe guda.
Makarantarmu ta bayan Ƙofar Marusa ta ɗauke shi
kan albashin da kaɗan ya ɗara na maigadi.

Ba ya duka.
In ka ɓata taku, sai ya tura ka
gindin katangar gidan Iya Dije
ka saurari luguden 'yan matanta:
taɓarya uku, turmi ɗaya, ba a karo.
In ka dawo ya tambaye ka, "Wa ke ba su oda?"
Ka ce babu.
Ya ja kunnen kansa, ba naka ba,
ya ce, "Ga kwamandansu."

Ni hagu da dama suka gagara.
Ya yago jan ƙyalle, ya durƙusa a gabana,
dattijo da furfura,
ya ɗaura mini a idon sawu.
"Wannan ce babbar yaya. Ita ke fara fita."

Bigila shida muke da su, biyu na yoyon iska,
ya liƙe su da ƙaro.
Babbar ganga kuwa Baraka ya ba,
'yar ficiciya, ko leƙo ba ta yi ta samanta.
Hedimasta ya yi gunaguni.
Malam ya ce, "Ƙarfi na da yawa a makarantar nan.
Mai jira nake nema."

Ranar faretin yara, rana ta take,
makarantu sun cika fili, kowa da guga a wando.
Muna dab da rumfar manya
sai fatar babbar ganga ta ce ɓarak.
Shiru ya faɗo mana kamar rufin soro.
Na saci kallon Malam a bakin igiya.
Bai ɗaga sanda ba. Hannunsa na baya.

Sai na ji ta.
Ƙasa.
Ƙafa arba'in da huɗu suna faɗin magana ɗaya,
Baraka na kaɗa iska da gula, hawaye na zuba,
amma ba ta saɓa ba ko sau ɗaya.
Haka muka wuce rumfa.
Na uku muka zo. Aka ba mu agogon bango
wanda bai taɓa yin daidai ba.

Yau ni tela ne a Kasuwar Tsakiya.
Ƙafata na kan keke tun safe,
kuma har gobe babbar yaya ke fara takawa.

Ran Juma'a nakan biya ta zaurensa.
Kunnen ya tafi, idon ma ya yi hazo,
sandar na jingine, jikoki na korar kaji da ita.
Ba na sallama daga nesa.
Nakan tako a hankali, hagu, dama,
shi kuma tafinsa na shimfiɗe a kan daɓe.

Kafin in kai bakin tabarma sai ya murmusa:
"Nafi'u. Har yanzu kana gaggawa a ta dama."